Ku duba min rubutu da tsarin shafin gidan kwalliyar nan kafin in miƙa shi

Maryam_Zane: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina shafin intanet na wani gidan kwalliya a Kano, masu lalle da kitso da dilka da gyaran amarya. Da manhajojin gina shafi WordPress da Elementor na yi shi. Ga yadda yake yanzu: can sama hotuna biyar ne masu juyawa da kansu. Sunan shagon da kanun kowane sashe duk da rubutu mai lanƙwasa irin na katin biki, launin zinare (#D4AF37) a kan fari. Bayanin ayyuka da nau'in rubutun Montserrat siriri, 14px, launin toka (#999999). Farashi yana cikin hoto guda da aka haɗa a Canva. Maɓallin WhatsApp yana ƙasan shafi. Akwai Hausa, akwai Turanci. Hajiya mai shagon ta ce ya yi mata, amma a waya sai na ga kamar ya cushe kuma ido yana wahala. Na ɗora hotunan allo guda uku. Me zan gyara a rubutun da tsarin?

Abba_Kwamfuta: Wa'alaikumus salam. Fara da launi, don shi ne ya fi komai muni. Zinaren nan a kan fari bambancin haskensa da bango kusan 2.1 ne zuwa 1. Tokar da kika sa wa bayani kuma 2.85. Ƙa'idar WCAG, ta sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, tana neman aƙalla 4.5 ga rubutu na yau da kullum, 3 ga manyan haruffa, wato daga 24px zuwa sama, ko kusan 19px idan mai kauri ne. Ke nan duka biyun sun faɗi. Idan toka kike so, #767676 ita ce kusan iyakar hasken da zai wuce a kan fari, amma ni da #333333 zan tafi. Ki tuna mai buɗe shafin wataƙila tana cikin adaidaita sahu da rana tsaka, ta rage hasken waya don caji ya kai ta gida.

Hauwa_Dizain: Zinaren ba sai an jefar da shi ba, gurbinsa za a canja. A kan baƙi mai laushi kamar #1A1A1A yana ba da fiye da 8, ya wuce har da rara. Ki yi amfani da shi a layukan ado, da gefen kati, da ƙasan shafi mai duhu. Kanun rubutu kuwa ki ba su launin jan lalle da ya kama sosai, misali #6B2D1A, a kan fari ya haura 10 kuma ya dace da sana'ar.

Sadiq_Haruffa: Ku duba hoto na biyu da kyau, inda aka rubuta “Ƙunshi da Ɗaurin Ɗankwali”. Ƙ da Ɗ sun fita daban, a tsaye ƙyam, sauran haruffan kuma suna kwance. Dalili shi ne wannan rubutun mai lanƙwasa ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, sai burauza ta aro su daga wani rubutun da ke cikin waya. A wayarki za ta aro daga wani, a wayar wata ta aro daga wani dabam, don haka ba ki ma san yadda kowa ke ganinsa ba. Kafin ki zaɓi kowane nau'in rubutu, ki je Google Fonts, ki liƙa wannan a akwatin gwaji: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ₦. Ki ƙura ido, in ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa a kauri ko tsayi, to aro ne. Noto Sans da Noto Serif suna da su duka. Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ma haka, don an gina su ne da harsuna irin namu a zuciya.

Maryam_Zane: Malam Sadiq, to idan na sauke rubutun na ɗora a sabar kaina fa? Wani ya ce hakan ya fi sauri.

Sadiq_Haruffa: Yana iya fin sauri, amma a nan mutane ke yanke haruffan ba su sani ba. Google tana raba kowane rubutu gida-gida. Kashin da ake kira latin na haruffan Turanci ne da na wasu harsunan Turai. ƙ da ƴ da ɓ da ɗ da manyansu, har da alamar naira, duk suna cikin latin-ext. Idan manhajar da kika yi amfani da ita wajen saukewa ta ɗauko latin shi kaɗai, rubutun da yake da ƙugiya a asalinsa ma zai rasa ta a shafinki. Ki tabbata kin haɗa duka biyun, a tsarin fayil ɗin rubutu na WOFF2, ki sa font-display: swap don rubutu ya bayyana nan take kafin na ainihin ya sauka. Kuma ki sa lang="ha" a shafukan Hausa, don burauza ta san harshen.

Ummi_Maradi: Tunda an taɓo ƴ, ki tsaya a kan hanya ɗaya. A Nijar ƴ muke rubutawa, a Najeriya an fi saba da 'y. Shagon na Kano ne, ki bi 'y ko'ina, kada a ga “'yan mata” a sama a ga “ƴan mata” a ƙasa.

Kabiru_Sabar: Duk wannan maganar haruffa gaskiya ce, amma ni hotunan saman nan biyar suka fi damuna. Nawa ne nauyin kowanne?

Maryam_Zane: Tsakanin 2MB da 4MB. Kai tsaye daga wayar mai shagon suka zo.

Kabiru_Sabar: To wajen 15MB ke nan kafin mutum ya karanta kalma ɗaya. Wadda take lissafin datarta ba za ta jira ba. Ki cire masu juyawar gaba ɗaya, ki bar hoto guda mai kyau. Ki buɗe Squoosh, shafin matse hotuna, ki rage faɗinsa zuwa 1600px na kwamfuta da 800px na waya, ki mayar da shi WebP, tsarin hoto marar nauyi, ki matsa har ya sauko ƙasa da 150KB matuƙar zanen lallen bai dushe ba. Ki rubuta width da height a kan kowane hoto, in ba haka ba rubutu zai riƙa tsalle yayin da hotuna ke sauka, mutum ya kai yatsa kan wani abu ya taɓa wani. Hotunan da ke ƙasa ki sa musu loading="lazy" don kada su sauka sai an kusa isa gare su, amma ban da na saman, shi ana so ya fito da wuri. Bayan haka ki gwada a PageSpeed Insights, ma'aunin saurin shafi na Google, ɓangaren waya. Abin da ake nema shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, tsallen shafi kuma kada ya wuce 0.1.

Hauwa_Dizain: Yaya Kabiru, hoto guda na yarda, amma ka kula da matsewa a hoton lalle. Zanen baƙin lalle layuka ne sirara, matsewa mai yawa tana cinye su su zama tabo. Gara hoton ya kai 200KB zanen ya fito sarai. Aikin da ake tallatawa ke nan.

Kabiru_Sabar: Ban musa ba. Ta gwada inganci tsakanin 70 da 80 ta kwatanta da ido, Squoosh yana nuna kafin da bayan gefe da gefe.

Bilkisu_UX: Ni a kan farashi zan tsaya. Farashi a cikin hoto matsala uku ce. A waya dole sai an buɗa da yatsu biyu kafin a karanta. Google ba za ta ɗauke shi a matsayin rubutun shafi ba. Kuma ranar da kuɗin kayan dilka ya tashi sai an koma Canva an sake hoto. Ki rubuta shi da rubutu na gaske. Sunan aiki a hagu, farashi a dama, layi siriri tsakanin kowane aiki da na ƙasansa, tazarar 12px sama da ƙasa. Lambobin ki jera su ta dama ki sa font-variant-numeric: tabular-nums, don ₦5,000 da ₦15,000 sifilinsu ya hau kan juna, idan rubutun da kika zaɓa yana da wannan damar. A ƙarƙashin sunan aiki ki sa tsawon lokacin da yake ɗauka da ƙaramin rubutu. Mai neman kitso tana son sanin awa biyu za ta zauna ko yini guda. Ki kasa su rukuni: lalle, kitso da gyaran gashi, dilka da halawa, kwalliyar fuska da ɗauri, sai na amarya shi kaɗai a ƙarshe da bango mai ɗan launi don ya fita.

Nasiru_Talla: Anya ya kamata a sa farashi ma? Masu wannan sana'a da yawa ba sa so, saboda abokan hamayya suna dubawa, kuma lallen amarya kuɗinsa ya danganta da zane da nisan gida idan za a je a yi mata a can. A bar “tuntuɓe mu” ya fi.

Bilkisu_UX: Malam Nasiru, “tuntuɓe mu” tana korar mai kunya. Wadda ba ta san ko kuɗinta zai kai ba ba za ta tambaya ba, wucewa za ta yi. Maganin abin da ka faɗa shi ne “daga ₦ kaza”, sai layi ɗaya a ƙasa ya ce zuwa gida kuɗinsa dabam. Abokan hamayya kuwa saƙo ɗaya za su tura su ji farashin ko an ɓoye.

Nasiru_Talla: Ga kitso da dilka na yarda. Ga amarya har yanzu ina ganin a bar shi a baki, don a nan ake ciniki. Amma wannan hukuncin mai shago ne, ba na mai zane ba. Maryam, ki tambayi Hajiya kafin ki ɗora.

Fati_Grafiks: Mu koma kan rubutun mai lanƙwasa, don na ga ana neman a yi masa taron dangi. Yana da wurinsa. Gidan kwalliya ba banki ba ne, ana son taushi a ido. Ki bar shi a tambarin shago kaɗai, ki mayar da tambarin SVG, tsarin zane da ba ya dushewa in an ƙara girmansa, don ya fito tsaf a kowace waya ba tare da an sauke dukan rubutun ba, ki sa sunan shagon a alt, wato rubutun da ke bayyana hoto. In sunan yana da harafi mai ƙugiya, a zana ƙugiyar da hannu a Illustrator ko Inkscape. Kanun sassa kuwa ki nemi rubutu mai ƙafa, irin Noto Serif mai 'yan layuka a ƙarshen haruffa, bayani kuma marar ƙafa, irin Noto Sans. Nau'i biyu sun isa, kauri biyu kowanne, 400 da 600 ko 700. Kada ki taɓa rubuta mai lanƙwasa da manyan baƙaƙe zalla, ba ya karantuwa ko kaɗan.

Abba_Kwamfuta: Ƙarin bayani kan kauri: idan kin sauke 400 kaɗai sannan kika danna B a Elementor, burauza ce za ta ƙirƙiri kaurin da kanta, haruffa su kumbura su yi muni. Duk kaurin da za ki yi amfani da shi ki sauke na ainihinsa. Montserrat siririn nan na 300 kuma ki bar shi, a 14px kan ƙaramar waya kusan ɓacewa yake.

Sadiq_Haruffa: Girma: bayani 16px mafi ƙanƙanta, 17 ko 18 ma ba laifi. Ki ninka da 1.25 ki samu matakai: 16, 20, 25, 31, 39. Babban kan shafi 31 a waya, 39 ko sama a kwamfuta, kanun sassa 25, sunayen ayyuka 20. Kada ki fita daga wannan jerin, yanzu na ƙirga girma kusan tara a hotunanki, shi ya sa ido bai san inda zai fara ba. Tazarar layi ninki 1.5 zuwa 1.6 na girman rubutu ga bayani, 1.2 ga kanu. Tsawon layi a kwamfuta kada ya wuce haruffa 75, ki sa max-width: 65ch. Sai ki cire daidaita gefe biyu da kika yi wa sakin layi. A faɗin waya kalmomi irin su “gyare-gyaren” suna tilasta ramuka a tsakiyar layi. Ki jingina komai hagu. Tsakiya ta kanu ce da gajeren rubutu da bai wuce layi biyu ba.

Rukayya_Dev: Rubutun cikin akwatunan cike bayani ma ya zama 16px. In ya gaza haka, Safari a iPhone tana zuƙo shafin da kanta da zarar an taɓa akwatin, tsari ya karkace.

Bilkisu_UX: Akwatunan ma nawa ne? Na ga suna, imel, lambar waya, adireshi, aiki, rana, saƙo. Bakwai. A rage su zuwa suna, waya, aiki da rana, ko a cire fom ɗin a bar WhatsApp.

Rukayya_Dev: WhatsApp ɗin shi ne ƙofar shagon, kuma an kai shi can ƙasa. Ki ɗauko shi zuwa allon farko, ƙarƙashin jimla ɗaya da ke faɗin abin da ake yi da unguwar da ake. A waya ki sa wata siririyar sanda manne a ƙasan allo mai maɓalli biyu, WhatsApp da kira. Tsayin maɓalli 48px, wannan ne ma'aunin Google, na Apple 44. Tazara aƙalla 8px tsakaninsu. Mahaɗin ki rubuta shi wa.me/ sai 234 sai lambar ba tare da sifilin farko ba, ba alamar tarawa, ba tazara. Ki ƙara ?text= da saƙon da aka riga aka rubuta, kowane rukuni da nasa, don mai shago ta san daga sashen amarya aka taɓo ta ko daga na kitso. A kan maɓallin ki rubuta abin da zai faru, kamar “Kama lokaci ta WhatsApp”, ba “Danna nan” ba. Na ga kuma rubutun maɓallin fari ne a kan ruwan hoda mai haske. Irin #F8C8DC da fari bambancinsu kusan 1.5 ne, kamar ba a rubuta komai ba.

Hauwa_Dizain: Sandar ƙasan nan ki bar mata gurbi, ki ƙara padding-bottom kamar 72px a ƙarshen shafi, in ba haka ba za ta rufe adireshi.

Malam_Isa_Zariya: Ina da tambaya da ta ɗan fita daga rubutu. Hotunan da ke sashen kitso da na amarya, da fuskoki a buɗe da kai ba ɗankwali, an nemi izinin masu su? Shafin intanet ba kamar status ba ne da ke ɓacewa bayan awa 24, kowa yana iya saukewa. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, hoton da ake gane mutum a cikinsa yana cikin bayanansa.

Fati_Grafiks: Malam ya taɓo abu mai muhimmanci, kuma yana shafar tsari kai tsaye. Lalle a ɗauki hannu da ƙafa. Kitso a ɗauka ta baya ko ta sama, ko a yi a kan kan roba na koyon kitso. Kwalliyar fuska ce kaɗai ke buƙatar fuska, a nan sai da izini a rubuce. In an yi haka hotunan ma sun fi jeruwa: duk a yanka su 4:5, biyu a jere a waya, uku ko huɗu a kwamfuta, tazara 8px, bango iri ɗaya, hasken taga. Hoto goma sha biyu masu kyau sun fi arba'in da aka kwaso daga Instagram kowanne da kalar haskensa. Kuma kada a sa hotunan turawa na kyauta da ake saukewa. Mai neman dilka tana son ganin fata irin tata.

Nasiru_Talla: Tunda an ambaci Instagram, a gaskiya can ne kasuwar wannan sana'a take. Shafin amfaninsa shi ne wadda ta nemi gidan kwalliya a Google ta same shi. Don haka a buɗe Google Business Profile, wato rajistar shago a Google, suna da adireshi da lambar waya da lokutan aiki su zama iri ɗaya sak da na shafi. A rubuta kwatance irin wanda mutane ke bi, kusa da masallaci kaza ko bayan gidan mai kaza, a kuma faɗi lokacin da ake rufewa ranar Juma'a.

Kabiru_Sabar: Amma kada a liƙa taswirar Google kai tsaye a shafin farko, ko akwatin da ke jawo hotunan Instagram. Duka biyun suna da nauyi. Mahaɗi zuwa taswira ya wadatar.

Maryam_Zane: Na gode ƙwarai. Ga abin da na yi zuwa yanzu: hoto guda a sama, 170KB. Kanu da Noto Serif 600 launin jan lalle, bayani da Noto Sans 17px #333333. Farashi ya koma rubutu. Sandar WhatsApp ta hau. Ga sabon hoton allo. Sai dai har yanzu ina jin kamar a cushe yake.

Hauwa_Dizain: Cushewar daga tazara take. Kin ba komai 20px, sama da ƙasa da gefe, don haka ba a gane me ke tare da me. Ki bi ninkin 4: tsakanin kai da bayaninsa 8 ko 12, tsakanin kati da kati 24, tsakanin sashe da sashe 56 ko 64 a waya. Sararin da ke saman kai ya ninka na ƙasansa aƙalla sau biyu, don kan ya manne da abin da yake gabatarwa. Gefen allo 16 zuwa 20px. Sai ki cire inuwa da kan iyaka daga katunan, ɗaya ya isa, ko ma babu.

Fati_Grafiks: Ni Noto biyun nan sun yi min sanyi. Suna karantuwa, amma shafin ya koma kamar na ma'aikata. Bayani ya zauna a Noto Sans, kanun kuwa a nemo mai ƙafa da ya fi ado, a yi masa gwajin da Malam Sadiq ya bayar.

Sadiq_Haruffa: In an samu mai ƙugiya cikakkiya har da manyan baƙaƙe, ba ni da ja. A duba Ɓ da Ɗ musamman, don wani rubutun yana da ƙananan amma manyan babu, kuma kanu da babban baƙi suke farawa. In ba a samu ba, adon ya fito daga tambari da launi da hoto.

Abba_Kwamfuta: Kafin ki ce kin gama, kada ki tsaya a gwajin Elementor. Ki buɗe Chrome DevTools, kayan gwajin shafi na burauzar Chrome, ki sa faɗi 360px, ki rage gudun intanet zuwa 3G ki ga me ke fara fitowa. Sannan ki samu Tecno ko itel ta gaske, ki fita waje da ita ki karanta farashin. Ki gwada a Opera Mini ma, yanayinta na tsimin data mai tsanani ba ya sauke rubutun shafi, da na waya yake nunawa, ki tabbata tsarin bai rushe ba. Ki kuma ƙara girman rubutu zuwa 200% ki ga ko wani abu ya hau kan wani.

Ummi_Maradi: Maganar harshe biyu ba a taɓa ba. A hoton farko Hausa da Turanci suna ƙarƙashin juna a kowane sashe, wannan ma yana cikin abin da ya cika shafin. Ki raba su shafi biyu da maɓallin sauyawa a sama, a rubuta “Hausa” da “English” da kalmomi, ba tuta ba. Kuma jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo, ki gwada maɓallan da ita tukuna don kada rubutu ya karye gida biyu.

Bilkisu_UX: Ko kuma shafi ɗaya da Hausa, tunda sunayen ayyukan ma ba su da fassara mai kyau. Dilka dilka ce. Kula da shafi biyu aiki biyu ne, duk canjin farashi sai an taɓa wuri biyu, kuma wata rana za a manta ɗaya.

Nasiru_Talla: Masu neman mai kwalliyar amarya daga Abuja ko Kaduna da Turanci suke bugawa a Google. In an cire shi an rasa su.

Maryam_Zane: Zan kai wa Hajiya maganar harshe da ta farashin amarya gobe in sha Allah. Anti Hauwa, tazarar 64 tsakanin sassa, a kwamfuta ma haka zan bar ta ko in ƙara?

Hauwa_Dizain: Ki ƙara zuwa 96. Ko ki rubuta clamp(56px, 8vw, 96px) sau ɗaya ta daidaita kanta. Ki turo hoton sashen farashi a faɗin 360 idan kin gama, ina son ganin yadda dogayen sunaye irin “Gyaran amarya na kwana bakwai” ke karyewa kusa da lambobin.